Takardar Haruna da Jaridun Baba Mandal

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina roƙonsa ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi, domin waɗanda zan ambata kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, ba su da bakin gyara mini.

Akwai maganganu biyu da ke yawo a gidan nan game da takardar labarai da na taɓa fitarwa da ajami, wadda mutane suka riƙa kira Takardar Haruna. Wasunku sun ji cewa kakanku Malam ne ya hana ni, ya ce haram ce. Wasu kuma sun ji cewa wani Bayahude ne ya hure mini kunne na bar rubutun iyayena na koma boko. Duka biyun ba haka ba ne. Na ji ana faɗa a wurin suna, na ji ana faɗa a wurin zaman makoki, na yi shiru saboda ba wurin gardama ba ne. Nan ne wurinsa.

Shekarar ita ce wadda aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ita ce kuma shekarar da fari ya ci ƙasar nan har rijiyoyi suka ƙafe. Ina aiki a ofishin gona na Kazaure, ni ne mai rubuta sanarwa da ajami, domin a wancan zamani idan ka bar cikin gari ka nufi Roni ko Gwiwa ko Babura, mai karanta boko sai an tona, amma da wuya ka shiga unguwa ka rasa mai karanta ajami, har a rugagen Fulani. A kusurwar ofishin akwai wani inji mai hannu. Sai ka yi rubutu da alƙalamin ƙarfe a kan wata takarda mai kaki, ka ɗaura ta a jikin gangar injin, ka zuba tawada, ka yi ta juyawa, takardu suna fita ɗaya bayan ɗaya. Sanarwar taki ko ta allurar shanu ba ta cika shafi, ni kuma ba na son ganin farin wuri a banza. Sai na fara cikewa da abin da na ji: jakin wane ya ɓata, an yi haihuwa a gidan wane, wane ya rasu, ga kamannin sabon kuɗi don kada a cuci tsofaffi a kasuwa, ga ƙauyen da rijiyarsa ke da sauran ruwa. Shugaban ofis ya gani ya kau da kai. Kafin a jima shafi ɗaya ya zama huɗu, direbobi da malaman gona masu kekuna suna ɗauka suna rabawa.

Ba zan ce don jama'a kaɗai nake yi ba. Akwai mutum ɗaya da nake gani a gabana duk lokacin da na ɗauki alƙalamin nan, ita ce gwaggonku Yaya Abu. Ita ce 'yar farin Malam, ni ne auta, ita ta fara kama hannuna a kan allo tun kafin Malam ya karɓe ni. Aure ya kai ta Gwiwa, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta zauna tana riƙonsu da sana'ar daddawa, da hantsi kuma tana koyar da matan unguwa karatu. Duk abin da ta taɓa karantawa a rayuwarta na addini ne, hukuncin tsarki da salla da waƙoƙin wa'azi. Takardata ce abu na farko da ya zo mata da baƙaƙen da ta sani yana ba ta labarin yau. Ranar da ta iso Gwiwa, mata sukan taru a tsakar gidanta bayan la'asar, su baza tabarmi, ita ta hau kujerarta 'yar tsugunno ta karanta musu, tana tsayawa tana sharhi, suna musu, suna dariya. Matan da ba sa zuwa kasuwa, ba sa zama majalisa, sai ga su sun san abin da mazansu ba su ji ba tukuna. Ba ta kuma raga mini. Duk zuwan da na yi sai ta tare ni da gyara.

"Auta, ka ce jakin Ɗan'azumi ya ɓata, ba ka ce ko an gan shi ba. Matan nan sun hana ni sakat da tambaya."

"Yaya, ai ban ji ba."

"To ka je ka ji. Ka sa mutane cikin zulumin jaki ka tafi ka bar su?"

Wata rana kuma, bayan matan sun watse, tana naɗe takardar ta ce mini wata magana da ban manta ba.

"Da na ɗauka lahira kaɗai ke shiga cikin baƙaƙen nan. Ashe duniya ma tana shiga."

A cikin farin nan ne gwamnati ta turo wani kamfani ya haƙa rijiyoyin burtsatse, kuma mai kula da injinansu wani tsohon Bature ne gajere mai sanƙo, sunansa Mendel, mutanenmu suka mai da shi Baba Mandal. Ya daɗe a Kano, tun zamanin Turawa yake gyaran injina a can, Hausarsa ta fi ta wasu ma'aikatan gwamnati, sai dai ba ta fita daga maƙoshinsa da daɗi. Ya zo ofishinmu neman sunayen ƙauyukan da suka fi matsuwa, ya tarar da ni a kan injin nan ya cije, tawada har gwiwar hannuna. Sai ya naɗe hannun riga, ya kwance gangar, ya goge wani abu, ya ɗaure. Da takarda ta farko ta fito sai ya ɗauka ya daɗe yana dubawa, alhali na san ba ya iya karantawa.

"Larabci ne?"

"Hausa ce, ranka ya daɗe. Baƙaƙen ne na Larabci."

Sai ya yi wata 'yar dariya ya ce in biyo shi mota. A bayan kujerarsa akwai damin jaridu ɗaure da igiya. Ya zaro ɗaya ya buɗe ta daga inda Turawa ke rufe tasu, ya ɗora yatsa a dama ya ja zuwa hagu. Baƙaƙen masu kusurwa ne, kowane yana tsaye shi kaɗai, ban taɓa ganin irinsu ba. Ya ce shi Bayahude ne, kuma waɗannan su ne baƙaƙen da aka rubuta littafinsu mai tsarki da su, amma harshen da ke cikin jaridar ba na littafin ba ne. Sunansa Yidish, harshen uwarsa ne, da shi ake ciniki, da shi ake faɗa, da shi ake rarrashin yaro.

"Kamar naka," in ji shi. "Baƙaƙen salla, maganar kasuwa."

Daga ranar muka saba. Idan injinansu suna aiki kusa da gari, yakan zo ya zauna a gindin dalbejiyar ofis da jaridarsa, ni ina rubutu. Jaridun ta gidan waya suke zuwa masa, sai labarin ya tsufa kafin ya iso, amma yana karanta su daga farko har ƙarshe, har da tallar masu ɗinki. Wata daga Amurka, wata daga Ajantina, wata daga Faransa. Ya ce da akwai wadda ke zuwa daga Afirka ta Kudu, ta daina. Na yi mamakin yadda harshe ɗaya ya warwatsu haka, sai ya ba ni labari. Shi ɗan ƙasar Polan ne. Ubansa ma'aikacin gidan jarida ne, mai jera baƙaƙen dalma da hannu, shi ma a nan ya fara koyon inji. Ya ce a birninsu a lokacin kullum safiya jaridu iri-iri ke fita da harshen nan, ta masu addini daban, ta 'yan ƙwadago daban, kowace tana zagin 'yar uwarta, mai turin kaya ma yana da tasa a aljihu. Na tambaye shi ina suke yanzu. Ya ninke jaridar ya ɗora a cinya.

"Yaƙin Jamus ya zo. An kashe masu rubutawa, an kashe masu karantawa. Ubana, uwata, ƙannena. Waɗannan da kake gani, waɗanda suka tsira ne ke rubuta wa junansu. 'Ya'yansu sun koma Turanci da wasu harsuna. Ka ga shafin nan? Duk sanarwar mutuwa ce. Kowane suna a nan, jarida ta rasa mai karatu ɗaya."

Na yi masa ta'aziyya irin tamu, ya karɓa. Mutanen gari sun yi ta magana a kan zamana da shi, har aka kai wa Malam. Malam ya tambaye ni ko mutumin ya taɓa kiran ni zuwa addininsa, na ce a'a. Ya tambaya ko rijiyoyin suna ba da ruwa, na ce suna bayarwa. Ya ce to in gaishe shi.

Ku da kuka tarar da Malam kun san halinsa da takarda. Idan yana tafiya ya hangi guntun takarda a ƙasa mai baƙin Larabci, ko yaya yake sauri sai ya tsaya, ya duƙa, ya ɗauka, ya karkaɗe, ya cusa a tsagar bango ko a jinkar ɗaki inda ƙafa ba ta kaiwa. Idan sun taru ya ƙona su a wuri mai tsabta ya binne tokar. Ba shi kaɗai ba, haka aka tarbiyyantar da mu duka. Ni da na taso a haka, ban san yadda aka yi na yi ta fitar da takardu suna bazuwa ƙasa-ƙasa ban taɓa tambayar kaina ina suke ƙarewa ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam ya aika a kira ni zaure. Na tarar da shi da wani abokinsa da ya dawo daga kasuwar Babura. A gabansu kan buzu akwai shafin takardata, ya yi sharkaf da mai, yaji ya manne a jiki. Tsire aka ƙunshe wa mutumin a ciki. Shafin rasuwa ne, kuma daidai inda man ya fi jiƙawa nan na rubuta innalillahi wa inna ilaihi raji'un, da hannuna. Mai tsiren ba ya karatu, wani ne ya karanta ya yar, shi ya tsinta. Abokin Malam ya fara faɗa, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Haruna, rubutunka ne?"

"Nawa ne, Malam."

"Ni ban ce haram ba ce, kada ka fita ka ce na ce. Yayarka ta ce mata suna amfana, na yarda. Amma littafi ana sayensa a adana shi, taka kuwa ana karantawa a gama da ita. Wanda ya rubuta sunan Allah, shi za a tambaya inda sunan ya faɗa. Ka je ka yi tunani."

Iyakar abin da ya ce ke nan, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Na kai wa Baba Mandal labari ina tsammanin zai yi mini dariya irin ta Turawa. Sai na ga ya gyara zama. Ya ce ai su ma sun yi wannan rigimar tun kafin a haife shi. A wurinsu ma takardar da ke ɗauke da sunan Ubangiji ba a yar da ita, tarawa ake yi a wani ɗaki na gidan ibada, idan ta yi yawa a kai maƙabarta a binne kamar mutum. Ya ce ubansa yakan bi ƙasan gidan jarida yana tsince guntaye kafin a yi shara, abokan aiki suna yi masa ba'a. Jaridun masu addini kuma sai suka yi dabara, ba sa rubuta sunan cikakke, sai su sa alama, kowa ya san abin da ake nufi.

"Kai ma yi haka. Cire sunan, ka bar labarin."

Na gwada. Fitowa ta gaba na zauna na tace ta sarai. Ban buɗe da bismilla ba, ban ce in Allah ya yarda taki zai iso ba, sai na ce ana sa rai. A nan na gane irin yadda harshenmu ya cuɗanya da ambaton Ubangiji, jimla uku ba ka yi sai ka yi tuntuɓe da shi. Aka yi rashin sa'a a makon wani dattijo mai mutunci ya rasu a Roni. Na rubuta cewa ya rasu bayan jinya, ya bar 'ya'ya da jikoki, na sa wata 'yar alama a inda addu'a take zuwa. Ba a yi kwana nawa ba sai ga babban ɗansa a ofis, ya hawo keke tun daga Roni, ko sallama bai gama ba.

"Malam Haruna, me ubanmu ya yi maka?"

"Subhanallahi, me ya faru?"

"Kowa ya mutu ka ce Allah ya jiƙansa. Namu ya mutu ka yi masa ɗigo. Jakin Ɗan'azumi ma da ya ɓata ka ce Allah ya bayyana shi!"

Na yi bayani, bai saurara ba. Sai da na je Roni da kaina na durƙusa gaban iyalin na ba da haƙuri. Da na faɗa wa Baba Mandal ya kama kai, ya ce dabarar garinsu ba ta sha ruwan nan ba, in yafe masa.

Yaya Abu ta ji duk abin da ake ciki, ta aiko in je. Na same ta tana shanya kalwa. Ba ta yi mini jaje ba, ta riga ta gama shirinta. Ta ce in mai da addu'o'in yadda suke, in rubuta a saman shafin farko cewa takardar nan amana ce, ba a ba mutum sabuwa sai ya dawo da tsohuwa. A kowane gari a sami mutum ɗaya mai tarawa. Ita ta ɗauki Gwiwa da ƙauyukanta, za ta tara, ta ƙona, ta binne tokar da hannunta. Ta ce tana da ƙawa a Roni da za ta yi haka.

"Babura fa, Yaya? Mutanen Nijar suna shigowa kasuwa su tafi da ita ƙetare. Wa zai bi su?"

"Sai ka daina aikawa Babura."

"Su ma ai mutane ne."

"Auta, ban ce ba mutane ba ne. Na ce kada ka rushe gida don ɗaki ɗaya yana yoyo. Ka ba ni wata biyu ka gani."

Na ce mata zan duba.

A daidai wannan lokaci aka canza mana shugaban ofis, aka kawo wani saurayi mai ilimin zamani, mutumin kirki. Kuɗin man fetur sun fara shigowa, aka kawo mana sabuwar tafireta, ana ta maganar za a buɗe makarantun boko a kowane ƙauye. Ya ga takardata ya yaba, ya ce abin da ya rage kawai a mai da ita boko, a buga ta da tafireta, ta zama ta ofis sosai. Ya ce nan da 'yan shekaru kowane gida akwai ɗan makaranta, kuma takardar boko ko a kwata aka gan ta ba mai kawo ƙara. Ni na iya boko daidai gwargwado, na koya a ajin yaƙi da jahilci.

Ina so ku fahimci abin da ke raina a lokacin, don kada ku ɗauka kwaɗayin tafireta ne. Tun ranar Juma'ar nan, duk sallar da na tayar sai shafin nan mai maiƙo ya tsaya mini a gaba. Idan na ga iska ta ɗauko takarda a hanya sai in bi ta in duba. Shirin Yaya Abu mai kyau ne, amma na san mutane, na san wani zai manta, wani zai ba yaro, wani zai ce ta ɓata. Ko ɗaya ce ta kuɓuce, ni za a tambaya. Na auna tsoron nan da taron matan Gwiwa, tsoron ya fi nauyi. Na gaya wa kaina cewa baƙin boko ba shi da alfarmar da na Larabci ke da ita, haka kowa ke ɗauka a lokacin. Na gaya wa kaina kuma cewa yara za su riƙa karanta wa iyayensu. Ban yi shawara da kowa ba. Na shiga wurin shugaba na ce na yarda. Wata biyun da Yaya ta roƙa, ban ba ta ba.

Shi wanda kuke cewa ya hure mini kunne, ga abin da ya ce da na gaya masa. Yana zaune a gindin dalbejiya, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Yayarka ta iya boko?"

"Ba ta iya ba."

"Matan da ke zuwa wurinta fa?"

"Ba su iya ba. Amma 'ya'yansu za su iya."

"'Ya'yan za su sayi manyan jaridun birni, masu hotuna. Ba za su nemi taka ba." Ya mai da tabarau. "Malam Haruna, mu kashe mana masu karatu aka yi, ba a tambaye mu ba. Kai naka suna nan da ransu, suna jiran mota ta kawo."

Kafin shekara ta zagayo aikin rijiyoyi ya ƙare, idonsa ma ya fara rauni, ya ce zai tafi wurin 'yarsa a Ajantina. Mun yi sallama a bakin ofis, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya faɗa kuwa haka ya kasance. Takardar boko ba ta yi nisa ba, masu boko suna da jaridun birni da rediyo, masu ajami ba su da abin yi da ita, direbobi suka fara mantawa da ita a ƙarƙashin kujera, ofis ya ce a koma sanarwa zalla. Kwanakin baya na sa yayanku Kabiru ya duba mini a wayarsa ko har yanzu ana buga jarida da harshen nan na Yidish. Ya ce da yawa sun mutu, wasu sun koma cikin waya, amma a Amurka akwai masu ƙarfi har gobe, kuma na masu tsananin riƙo da addini ne. Wato waɗanda suka fi kowa tsoron inda baƙaƙen za su faɗa, su ne ba su saki ba.

Fitowar farko ta boko, ban ba direba ba, na ce ni zan kai Gwiwa da kaina in yi wa Yaya bayani. Na makara a hanya, ban isa ba sai bayan la'asar. Labari ya riga ni cewa takarda na tafe, na tarar mata sun cika tsakar gida, tabarmi a baze, ita tana kan kujerarta. Yawancinsu iyayena ne ko waɗanda suka san ni tun ina yaro, ba wadda ta tashi. Babu damar keɓewa. Na gaishe su, na durƙusa na miƙa mata.

Ta karɓa ta buɗe daga dama yadda ta saba. Ta duba. Ta juya ta, ta sake dubawa. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Abu, fara mana da rasuwa, an ce an yi rashi a Kazaure." Yaya ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, irin duban da take yi mini ina yaro idan na ɓata allo. Sai ta tashi daga kujerar, ta miƙo mini takardar.

"Zauna, Auta. Karanta mana."

"Yaya, ki zauna, ni sai in tsaya."

"Mai karatu ke zama a nan."

Ta je ta raɓa gefen tabarma cikin matan, ta miƙe ƙafa. Na zauna a kujerar da ta yi mini kaɗan, na karanta. Na karanta zuwan taki, na karanta rasuwa, na karanta haihuwa. Ba wadda ta katse ni, ba wadda ta yi musu, ba wadda ta yi dariya. A gaban namiji ba za su yi ba, ko da Auta ne. Da na gama suka yi godiya, suka naɗe tabarmi, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne taro na ƙarshe. Karatun hantsi ya ci gaba har ƙarshen ƙarfinta, amma na la'asar bai sake zama ba.

Na fara yi mata bayanin tsoron da ya sa ni, ta ce ta sani, ita ma 'yar Malam ce. Na ce zan riƙa zuwa ina koya mata boko, ba wuya. Ta yi murmushi ta ce in bari, idonta ya riga ya saba da hanya ɗaya. Ta shiga ɗaki ta ɗebo daddawa da za ta ba ni in kai wa mahaifiyarku, ta nemi abin ƙunshewa ba ta samu kusa ba, sai idonta ya faɗa kan takardar a hannuna.

"Wannan ai an ce ba laifi a ƙunshe abu da ita, ko?"

"Haka ake cewa, Yaya."

Ta karɓa, ta shimfiɗa a cinya, har ta ɗauko daddawar sai ta tsaya.

"Na ji ka karanta Allah ya jiƙan wane. Yana ciki ke nan."

"Yana ciki."

"To nuna mini inda yake. Ni ba na gane shi a nan."

Na durƙusa kusa da ita na bi layukan da yatsa ina nuna mata, nan, da nan, da nan. Duk inda na nuna sai ta sa farce ta yage wurin a hankali, ta tara guntayen a tafin hannu, ta tashi ta cusa su a tsagar bango sama da ƙofa. Sauran takardar mai huji-huji ta ƙunshe mini daddawa a ciki, ta raka ni har zaure, ta ce in gaida gida.

Allah ya jiƙan Yaya Abu, ya jiƙan Malam, ya sa karatun da suka koyar ya zame musu haske. Idan kun sake jin ana ba da labarin nan a wurin taro, kun san abin da za ku ce.